Bargon haɗin ƙyallaye ya ƙi fitowa yadda kike so? Ga abin yi kafin ki tura shi ƙasan akwati

Tun da na fara nuna barguna da shimfiɗun da nake haɗawa da ragowar atamfa, magana ɗaya ce ke ta dawo mini daga bakin masu koyo: "Anti, na fara amma abin ya ƙi. Kusurwoyi ba su haɗu ba, wani layin ya fi wani tsawo, na naɗe na ajiye, ko kallonsa ba na son yi." Wasu ma har da cewa su dai ba su da hannun ɗinki, a bar wa masu baiwa.

Ni ma bargon farko da na yi, wata huɗu ya yi a cikin leda a bayan ƙofa. Ranar da na daure na fito da shi na sa masa tef, sai na gano duk ɓacin ran nan a kan milimita 2 ne. Ruwa ba ya tsami banza. Mafi yawan abin da ke karya gwiwar mai koyon wannan ɗinki yana da dalilin da ake iya aunawa, kuma abin da aka iya aunawa ana iya gyara shi ko a san yadda za a zauna da shi. Ga yadda nake bi da masu koyo a wurina, daki-daki. Na yi maganar da mace saboda mata ne suka fi tambaya, amma telolin maza da ke son gwadawa duk hanyar ɗaya ce.

Kayan da za ki ajiye kusa

Tef ɗin awo, rula mai tauri, alli ko guntun sabulu mai kaifin baki, almakashi mai ci wanda ba a yanka takarda da shi, fil-fil masu yawa, abin farke ɗinki, sabuwar allurar keke mai lamba 14, dutsen guga, kwali mai kauri, filasta ko salatif ɗin takarda, da ƙaramin littafi da biro. Banda allurar, da wuya a ce babu sauran a ɗakin duk mai keke. Kada ki sayi wani sabon kayan aiki a wannan matakin. Mai takaici ya fi kowa saurin kashe kuɗi, yana zaton kayan aiki ne suka ci amanarsa.

1. Ɗaga ƙafa daga keke

Da zarar kin ji ranki ya fara ɓaci, ki tsaya. Ki shimfiɗa aikin a buɗe a kan gado ko tabarma, ki rufe shi da zani, ki bar shi ya kwana ɗaya ko biyu.

A kula: kada ki farke komai a ranar da kika ji haushi. Farkar fushi ita ce ke yaga yadi, ta mayar da ƙaramin kuskure babba. Kuma kada ki cukuikuye shi a leda. Abin da ya shiga leda ya koma bayan ƙofa, sai an yi sa'a yake fitowa. Kwana biyu hutu ne, mako biyu kuwa an fara saki ke nan.

2. Dube shi daga inda mutane za su gan shi

Lokacin ɗinki idonki bai fi taƙi ɗaya da yadin ba, don haka kowace ƙaramar karkata sai ta zame miki kamar katanga. Babu wanda zai kalli bargo daga nan. Da safe, da hasken rana, ki shimfiɗa shi a tsakar gida ko ki rataye a igiyar shanya, ki ja da baya taku huɗu. Ki ɗauki hotonsa da waya. Sannan ki buɗe littafinki ki rubuta abin da har yanzu kike gani daga nesa, shi kaɗai. Yawanci dogon jerin laifuffukan da ke cikin kanki yakan dawo biyu ko uku.

Sai ki mayar da hoton baƙi da fari a wayar. Wannan dabarar ta masu cewa "kalolin ba su yi ba" ce. Sau da yawa matsalar ba ja ko kore ba ce, duk ƙyallayen ne suka zo da nauyi ɗaya, babu mai haske babu mai duhu, sai idon mai kallo ya rasa inda zai sauka. Atamfa tana da wannan halin, kowacce tana son ita a gani. Idan hoton ya fito toka-toka gaba ɗaya, kin gano ciwon, maganinsa kuma yana mataki na 5.

3. Sa tef, ki nemo inda awon ya gudu

Nan ne zan daɗe, don nan ne kusan duk matsalar take.

A ɗinkin haɗi, ratar da ake bari tsakanin layin zare da bakin yadi kwatan inci ce, wato milimita 6 da ɗan ɗori. Wadda ta koyi ɗinkin riga ta saba barin rabin inci ko fiye, kuma idan ya ɗan ƙaru ko ya ragu babu wanda zai sani, don riga gaɓoɓinta kaɗan ne. Bargo kuwa gaɓa ce a kan gaɓa. Ki lissafa da kanki: layi mai ƙyalle 12 yana da gaɓa 11. Idan a wannan layin kin bar milimita 8 maimakon 6, kowace gaɓa ta cinye ƙarin milimita 2 daga ƙyallen dama, 2 daga na hagu, 4 ke nan. Sau 11 ya zama milimita 44, kusan santimita huɗu da rabi. Shi ya sa za ki ga layin da kika ɗinka ranar Litinin ya fi na ranar Laraba tsawo da faɗin yatsu biyu, alhali ke a ganinki abu ɗaya kika yi.

Ga gwajin da ya kamata a yi kafin a taɓa bargon. Yanko dogayen ƙyallaye uku, kowanne faɗin inci 2 da rabi, tsawon kamar inci 6. Haɗa su gefe da gefe, ki goge, ki auna. Faɗinsu gaba ɗaya ya kamata ya zama inci 6 da rabi, na tsakiya kuma inci 2 cif. Idan bai kai ba, ratarki ta yi yawa. Idan ya wuce, ta yi kaɗan.

Gyaran mai sauƙi ne. Sa rula a ƙarƙashin ƙafar keke, ki juya da hannu a hankali har allura ta sauka a kan layin kwatan inci, sai ki manna filasta a kan farantin keken daidai bakin rular. Ki riɓanya filastar hawa huɗu ko biyar har ta yi ɗan tudu, yadda bakin yadi zai riƙa jingina da ita. Sake gwajin ƙyalle uku har sai ya ba ki 6 da rabi. Ko Butterfly ce ta ƙafa ko Singer ta hannu da kika gada, wannan ya ishe ta.

A kula: kada ki ɗauka faɗin ƙafar kekenki kwatan inci ne. Wata ta kai, wata ta wuce. Kuma idan kuna musayar keke da wata a gida ko a shago, ki duba filastar duk ranar da za ki zauna.

Idan ratar ta yi daidai amma har yanzu ba a haɗu ba, to koma kan yanka. Ɗauko ƙyalle goma daga cikin waɗanda ba ki ɗinka ba, ki ɗora su a kan juna. Idan bakinsu bai zo ɗaya ba, kwalin da kike zana da shi ne ya cinye. Kwali yana raguwa duk lokacin da alli ko almakashi ya goge shi, bayan ƙyalle talatin ya riga ya zama wani abu daban. Ki yanka kwali huɗu tun farko ki riƙa canzawa, ko ki yanko daga jikin roba mai tauri kamar murfin bokitin fenti. Sannan ki duba ko kin bi tsayuwar zaren yadin. Ƙyallen da aka yanka a karkace yana miƙewa kamar roba da an ja shi, ba zai taɓa zama inda kika ajiye shi ba. Ragowar da ake samowa wurin tela ta fi yawan wannan matsalar, don daga wuyan riga da hammata take fitowa.

Na uku shi ne guga. A nan ba a goga dutsen gaba da baya kamar ana gugar shadda. Ɗorawa ake yi a danna, a ɗaga, a matsa gaba. Jan dutse a kan gaɓa yana miƙar da yadin auduga, murabba'i ya koma wani abu mai kama da fartanya. Ki kwantar da ratar layi na farko zuwa dama, ta layi na biyu zuwa hagu, haka har ƙasa. Idan kika zo haɗa layukan sai gaɓoɓin su shige cikin juna su kulle, za ki ji da yatsa. Ki soka fil a kowace mahaɗa kafin ki taka keke. Mai dutsen gawayi ta shimfiɗa farin ƙyalle a sama, don toka ɗaya ta isa ta huda aikin mako guda.

4. Raba laifuffukan kashi uku

Koma kan abin da kika rubuta a littafi. Kowane laifi ki sa shi a ɗaya daga cikin uku.

Akwai wanda zai sa bargon ya lalace: rata da ta yi siriri har bakin yadi ya kusa zamewa, zaren da ya tsallake, wurin da ya buɗe, ƙyallen da ya riga ya ruɓe. Wannan dole a gyara, ko da ba a ganinsa, don wankin farko zai tona shi.

Akwai wanda ake gani daga taku huɗu amma ba zai hana amfani ba, kamar ƙyallen da aka juya kansa ƙasa ko layin da ya fi ɗan'uwansa tsawo. Wannan ki zaɓi biyu da suka fi damunki ki gyara, sauran ki bari.

Sai kuma wanda ke kaɗai kika san da shi: kusurwar da ta goce da milimita 2 ko 3. Wannan ko kallonsa kada ki sake yi. Idan aka sa abin ciki tsakanin fuskar bargon da yadin baya aka ɗinke aka wanke, auduga za ta ɗan tattare ta haɗiye shi.

A ganina, mai koyon da ta ce sai ta gyara komai ita ce ba ta gama bargo. Na ga wadda ta farke layi ɗaya sau biyar, a ƙarshe bakin ƙyallayen ya zare ya zama gashi-gashi, dole aka zubar.

5. Gyara, amma da dabara

Idan za ki farke, ki tsinke zare ɗaya a cikin kowane uku ko huɗu ta fuska ɗaya, ki juya ki ja zaren bayan, zai fito a dogonsa. A kula: kada ki yi da reza tsirara kina buɗa gaɓar da hannu. Na san haka aka saba a shago, amma a kwatan inci babu wurin kuskure. Kuma wuri ɗaya kada ya wuce farka biyu. A na uku, yanko sabon ƙyalle.

Idan gidajen da kika haɗa, wato ƙyallayen da kika ɗinke rukuni-rukuni kafin ki jera su, sun bambanta da girma, nemo mafi ƙanƙanta a cikinsu ki datse sauran su zo daidai da shi. Bargon zai ragu da inci ɗaya ko biyu, babu wanda zai tambaye ki ina suka tafi.

Idan layi ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa da abin da bai kai rabin inci ba, kada ki yanke. Ki haɗa tsakiya da tsakiya, baki da baki, ki sa fil da yawa, sannan ki sa mai tsawon a ƙasa. Haƙoran keke suna jan na ƙasa da ɗan sauri fiye da na sama, sai su cinye rarar ba tare da tattara ba.

Idan kuwa kusurwoyin sun ƙi haɗuwa ko ta yaya, akwai hanya biyu da nake so ƙwarai. Ta farko, ki gusar da kowane layi na biyu da rabin ƙyalle, kamar yadda magina ke jera bulo. Yanzu babu kusurwar da ake jiran ta haɗu da wata. Ta biyu, ki sa dogon yadi mai launi ɗaya, faɗin inci 2 ko 2 da rabi, tsakanin layi da layi. Idon mai kallo ba ya tsallake wannan ratar ya je ya gwada gaɓar sama da ta ƙasa. Wannan yadin shi ne kuma maganin kalolin da suka cakuɗe a mataki na 2. Baƙi, shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa ko farin akoko, duk wanda kika sa zai ba atamfofin wurin numfashi.

Gefen da ke yin igiyar ruwa kuwa, daga awo ne. Idan za ki sa yadin da zai zagaye bargon, kada ki auna bakin, don baki ya riga ya miƙe. Ki auna ta tsakiyar bargon, ki yanka na dama da na hagu a kan wannan awon, ki tilasta wa bakin ya bi su da fil.

Idan zare ne ke cukurkuɗewa a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu, kafin ki taɓa kwarkwaro ki zare zaren sama gaba ɗaya, ki ɗaga ƙafar keke, ki sake zura shi. Ki canza allura, ki buɗe faranti ki share ƙurar auduga, ki ɗiga mai.

6. Idan aikin ya fi ƙarfinki, rage shi

Da yawa sun fara ne da bargon babban gado, wasu ma da niyyar kai shi gudummawar bikin da saura mako uku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan haka ne ya same ki, ki sayi wata kyautar ki kai, ki cire wa bargon wa'adi.

Sannan ki duba abin da kika riga kika haɗa. Idan ya kai inci 36 a 45, ki tsaya nan, kin sami shimfiɗar jariri. Idan bai kai ba, zai yi rigar filo ko shimfiɗar tebur. Wannan ba faɗuwa ba ce. Abin da kike bukata yanzu shi ne ki bi aikin tun daga yanka har naɗe baki sau ɗaya, ki san kowane mataki da hannunki.

Ga lissafin mai son farawa daga farko a ƙaramin aiki. Ƙyalle 80 masu inci 5 a 5, a jera 8 a faɗi 10 a tsawo, zai ba ki inci 36 a 45 bayan ɗinki. Idan sabon yadi ne, yadi 2 ya isa fuskar har da rara, yadi ɗaya da rabi na baya, rabin yadi na naɗe baki. Yadi 4 ke nan, bai kai turmin atamfa mai yadi 6 ba. Idan kuma ragowa kika tara wurin tela, abin da za ki saya na baya ne da na ciki da zare. Farashi kullum canzawa yake, don haka ki riƙa lissafi da yadi, ki tambayi kuɗinsa ranar da kika shiga kasuwa.

A kula: tsadaddiyar atamfar lefe ba ta koyo ba ce. Tsoron ɓata ta kaɗai ya isa ya sa hannunki rawa. Kuma kada ki haɗa leshi, yadi mai santsi ko mai miƙewa da auduga a aikin farko. Auduga da auduga, masu kauri ɗaya.

7. Haɗa hawa uku, inda gwiwa ke sake yin sanyi

Wasu sukan tsallake duk abin da ya gabata lafiya, sai a nan su juya bargon su ga bayan ya tattare kamar fatar tsohuwar jaka. Dalilin kusan kullum ɗaya ne: ba a kafe hawa ukun, wato fuska da abin ciki da yadin baya, da kyau ba kafin ɗinki.

Yadin baya da abin ciki su ɗara fuskar da inci 3 zuwa 4 ta kowane gefe. Share daɓen siminti ko tayil, ki shimfiɗa na baya fuskarsa na kallon ƙasa, ki manne gefunansa da salatif ya miƙe sumul, amma kada ki ja shi kamar fatar ganga, don da kin sake shi zai koma ya tattaro sauran. Ɗora abin ciki, ɗora fuskar, ki shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje. Sai ki kafe da fil mai kulle ko dogon ɗinkin hannu na wucin gadi, tazarar faɗin tafin hannu, kina farawa daga tsakiya. Ɗinkin ma daga tsakiya ake fara shi a nufi baki, da taku mai ɗan tsawo, kamar milimita 3.

Abin ciki ya zama siriri. Tsohon bargo marar kauri ko zanin gado mai laushi da aka wanke ya fi wa mai koyo sauƙi a kan faiba mai kumburi irin ta masu katifa da filo, wadda ke zamewa a ƙarƙashin ƙafar keke. Idan keken ya ƙi ja ko yana ture na sama gaba, ki bar shi. Ɗauko babbar allura da zare mai kauri ki yi da hannu, manyan taku a miƙe, ko ki riƙa ɗaure ƙulli a kowace mahaɗa. Duka biyun hanyoyi ne da aka sani a wannan sana'a. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: lifidin da ake sa wa dawaki a hawan sallah yadi ne hawa-hawa da aka cusa wa auduga aka ɗinke, tun kafin keke ya zo ƙasar nan hannu ke yin sa.

8. Ranar wanki

Babu takaicin da ya kai a gama bargo a wanke, jan ƙyalle ɗaya ya zuba a kan farare. Rigakafinsa tun kafin yanka ne: a wanke kowane yadi daban, sitati ya fita, wanda zai tsuke ya tsuke. Wanda kike shakka, ki jiƙa guntunsa a ruwan zafi tare da farin ƙyalle ki gani. Ja, baƙi da rinin shuni su ne manyan waɗanda ake zargi. Jiƙawa da gishiri da ake cewa yana kama launi, ni dai ban ga ya hana mai zuba zuba ba.

Idan ta riga ta faru, kada ki shanya, kada ki goge, don bushewa da zafin dutse suna zaunar da launin. Cika babban baho da ruwan zafi, ki zuba sabulun ruwa na wanke-wanke, ki nutsar da bargon gaba ɗaya ya yi awanni. Idan ruwan ya rine ki zubar ki sake, har sai ya fito fes. Sau da yawa yana fita, ko ya dushe yadda ba za a lura ba. A kula: kada bilic ya kusance shi.

9. Waya da bakin mutane

Hotunan da kike gani a Instagram da Pinterest, da bidiyon YouTube da ake gama bargo cikin minti goma, ki san abin da ke bayansu. Masu yin su a Amurka da Ingila da wuƙa mai taya suke yanka, irin wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, a kan tabarmar roba da rula mai layuka. Wasu ma ƙyallayen a yanke suke sayensu, inji ya riga ya fitar da su inci 5 cif. Da yawa kuma idan sun gama fuskar, aikawa suke yi wurin mai babban keke na musamman ya ɗinke musu hawa ukun. Ke da almakashi da kwali kike gwada kanki da wannan. Kallo yana da amfani, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Idan kina tsakiyar aiki, ki kalli bidiyon matakin da kike kai kawai, ki kashe.

In kuwa kallon kike so, nemi hotunan bargunan matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama. Da tsofaffin wandunan aiki da ragowar riguna suka ɗinka su don maganin sanyi, layukan a karkace, gidajen wani ya fi wani. A 2002 aka baje su a gidan kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga su a kan tambarin aika wasiƙa. Ki dube su da kyau, ki ga yadda suke sa yadi mai launi ɗaya kusa da mai ado.

Sai maganar gida. Za a samu wadda za ta leƙo ta ce, "Wannan tsummokaran fa, me za a yi da su?" A wurinmu faci alamar rashi ce, don haka ba kowa zai gane da farko ba. Kada ki nuna aikin da bai ƙare ba ga wanda bai taɓa riƙe allura ba. Ki nemi mutum ɗaya da ya san ɗinki, ko da telan unguwa ne, kuma kada ki tambaye shi "ya yi kyau?" Ki ce, "Malam, duba mini nan, me ya sa yake tattarewa?" Tambayar da ke da wuri ita ke samun amsar da za ki yi aiki da ita.

10. Naɗe baki, sa kwanan wata

Ki riƙa zama na minti 20 zuwa 30 a rana, da hasken rana, kuma ki tashi tun ba ki gaji ba. Kafin ki tashi, ki jera abin da za ki ɗinka gobe a kan keke da fil ɗinsa, yadda da kin zauna sai taka ƙafa.

Datse rarar baya da ta ciki su zo daidai da fuskar. Yanko dogayen ƙyallaye masu faɗin inci 2 da rabi, daga wannan bakin yadin zuwa wancan, guda 5 sun isa shimfiɗar jaririn nan, ki haɗa su su zama ɗaya, ki ninka biyu a tsawonsa ki goge. Ɗinka shi ta fuska da keke, ki lanƙwaso shi baya ki kama da hannu. Kusurwar farko za ta yi miki gardama, ta huɗu za ta fi ta. Ki bar su haka.

A wani lungu na baya, ki ɗinka ƙaramin farin ƙyalle da kika rubuta wata da shekara. A littafinki kuma ki rubuta abu uku: awon da gwajin ƙyalle uku ya ba ki a ƙarshe, yadin da ya zuba ko ya miƙe, da matakin da ya fi ba ki wuya. Ranar da za ki fara na biyu, wannan shafin za ki fara buɗewa, sannan ki duba ko filastar tana nan a kan keke.